Hukumar lafiya matakin farko: Aikin da ba a lura da shi sai ranar da ya tsaya

Kowace safiya, tun kafin layin mata masu goyo ya yi tsawo a ƙofar asibitin unguwa, wani ma'aikaci a sakatariyar ƙaramar hukuma kan buɗe ɗakin da aka jera firji a ciki, ya duba na'urar auna sanyi, sannan ya rubuta lambar da ya gani a takardar da ke manne a jikin murfin. Da yamma kafin ya tashi aiki sai ya sake dubawa, ya sake rubutawa. Ƙa'ida ta ce a yi haka kullum, har ranakun Asabar da Lahadi da hutun Sallah da na Kirsimeti. Abin da ake so ya gani shi ne lamba tsakanin digiri 2 da 8. Idan sanyin ya kauce wa wannan iyaka na tsawon lokaci, alluran rigakafin dubban yara na iya lalacewa alhali kwalabensu na nan garau a ido.

Wannan ɗan aiki na minti biyar ɗaya ne daga cikin ɗimbin ayyukan yau da kullum da ke wuyan hukumar kula da lafiya matakin farko. Jama'a sun fi jin sunan hukumar a lokacin annoba, ko ranar buɗe gangamin rigakafi, inda ake nuno kwamishina a talabijin yana ɗiga wa jariri magani a baki. Amma mafi yawan aikinta a sauran ranakun shekara ake yinsa, kuma a kansa ne zuwan annoba ko rashin zuwanta ya dogara. Sanin yadda aikin yake na da amfani ga kowane magidanci, domin ranar da iyalinsa suka je asibiti aka ce babu allura, ko suka tarar da ƙofa a garƙame, ya kamata ya san wanda zai tambaya.

Asalin tsarin

A watan Satumba na 1978, ƙasashen duniya suka hallara a birnin Alma-Ata na tsohuwar Tarayyar Sobiyat, a ƙarƙashin jagorancin Hukumar Lafiya ta Duniya da asusun UNICEF, suka amince cewa hanya mafi kusa ta kai lafiya ga kowa ita ce a kai ta inda mutane ke zaune, da kayan aiki masu sauƙi da ma'aikatan da al'umma ta sani. A Najeriya, wanda ya fi kowa ɗaukar wannan aƙida da muhimmanci shi ne Farfesa Olikoye Ransome-Kuti, likitan yara da ya riƙe ma'aikatar lafiya daga 1985 zuwa 1992. A zamaninsa aka fara gwada tsarin a ƙananan hukumomi 52, aka fitar da manufar lafiya ta ƙasa a 1988, sannan a 1992 aka kafa Hukumar Bunƙasa Lafiya Matakin Farko ta Ƙasa, wato NPHCDA.

Rabon aikin da aka yi shi ne asibitocin koyarwa na gwamnatin tarayya, manyan asibitoci na jihohi, ƙananan asibitoci da ɗakunan shan magani kuma na ƙananan hukumomi 774. Sai dai da tafiya ta yi tafiya, sai ya zamana albashin ma'aikaci na fitowa daga wannan ma'aikata, ƙarin girma da canjin wurin aikinsa na hannun waccan hukuma, magani na zuwa daga wata, gini kuma daga wata dabam. Kowa na da hannu a cikin asibitin ƙauye, amma idan abu ya lalace ba a samun mai ɗaukar alhaki.

Domin gyara wannan ne Majalisar Lafiya ta Ƙasa ta amince a 2011 da a tattara duk harkokin lafiya matakin farko a ƙarƙashin inuwa ɗaya. Kowace jiha ta kafa hukuma guda mai shugabanci ɗaya da tsarin aiki ɗaya da hanyar bibiya ɗaya. Sunayen hukumomin sun bambanta daga jiha zuwa jiha, haka ma nisan da kowace ta yi wajen karɓar ragamar ma'aikata da kuɗi, amma manufar ɗaya ce.

Daga babban birnin jiha zuwa mazaɓa

A matakin jiha, hukumar na da majalisar gudanarwa da babban sakatare mai tafiyar da harkokin yau da kullum. Su ke tsara kasafi, su ɗauki ma'aikata, su rarraba su, su kuma karɓi alluran rigakafi daga gwamnatin tarayya.

A ƙarƙashinsu akwai ofishin lafiya na kowace ƙaramar hukuma, kuma a nan ne nauyin ya fi sauka. A Babban Birnin Tarayya, alal misali, ana samun irin wannan ofishi a ƙananan hukumomi shida: Birni da Kewaye, Bwari, Gwagwalada, Kuje, Kwali da Abaji. Shugaban ofishin na da jami'ai da kowannensu ke riƙe da ɓangare guda: mai kula da rigakafi, mai kula da ɗakin sanyi, mai sa ido kan ɓullar cututtuka, mai kula da abinci mai gina jiki, mai kula da lafiyar mata masu juna biyu, mai wayar da kan jama'a, da mai tattara alƙaluma.

Daga nan sai mazaɓa. Manufar gwamnati ita ce kowace mazaɓa ta samu aƙalla cibiyar lafiya ɗaya mai aiki sosai, wadda za a iya haihuwa a cikinta dare ko rana. Galibin waɗannan cibiyoyi ba su da likita. Waɗanda ke riƙe da su ma'aikatan lafiyar al'umma ne da suka fito daga kwalejojin koyon aikin lafiya, tare da ma'aikatan jinya da ungozomomi inda aka same su. Suna aiki ne da wani kundin ƙa'idoji da ya fayyace musu cutar da za su iya yi wa magani da wadda dole su tura babban asibiti.

Tafiyar kwalbar allura

Allurar rigakafi kan yi doguwar tafiya kafin ta isa hannun jariri. Daga babban ɗakin sanyi na ƙasa da ke Abuja ake tura ta rumbunan shiyya, daga can zuwa na jiha, sannan na ƙaramar hukuma, sai kuma cibiyar mazaɓa. A kowane zango dole ta kasance cikin sanyin da aka ƙayyade. Zafi na kashe ƙarfin wasu alluran, kamar maganin shan-inna da ake ɗigawa a baki. Wasu kuma daskarewa ce ke lalata su, kamar allurar Penta da ta ciwon hanta. Shi ya sa ma'aikaci ba ya zuba ƙanƙara kai tsaye a akwatin sanyi. Sai ya bar robobin ƙanƙarar sun ɗan saki kafin ya jera kwalaben.

A jikin kwalbar akwai wata 'yar alama: da'ira mai duhu da ɗan murabba'i fari a tsakiyarta. Duk lokacin da kwalbar ta sha zafi, murabba'in kan ƙara duhu, kuma ba ya komawa fari ko da an mayar da ita firji. Ranar da duhunsa ya kai na da'irar, kwalbar ta tashi daga aiki. Uwa na da damar ta roƙi ma'aikaci ya nuna mata wannan alama.

Wasu alluran, kamar ta ƙyanda da BCG ta tarin fuka, gari ne da ake haɗawa da ruwansa na musamman. Da zarar an haɗa, sa'o'i shida kawai suke da su, abin da ya rage sai a zubar. Kwalbar BCG na ɗauke da kason yara 20, wannan ne ya sa cibiyoyi da dama ke ware rana guda a mako domin yinta. Saboda ƙarancin wutar lantarki, an raba firji masu amfani da hasken rana a mazaɓu masu yawa. Amma firji na buƙatar mai share faifan sola daga ƙurar hunturu da mai gyara idan ya lalace, kuma wannan ma aikin hukumar ne.

Lissafin yara

Ranar rigakafi da lissafi take farawa. A tsarin da ake amfani da shi a Najeriya, ana ɗaukar cewa kashi 4 cikin 100 na jama'ar kowane yanki jarirai ne 'yan ƙasa da shekara ɗaya, kashi 5 kuma mata ne masu juna biyu. Ke nan cibiyar da ke kula da mutum 10,000 na sa ran jarirai 400 a shekara, wato kimanin 33 a kowane wata. Da wannan adadi ne shugaban cibiyar zai nemi allurai da sirinji da katuna. Zai kuma zana taswirar yankinsa da hannu, ya nuna kowane ƙauye da ruga da tunga, ya ware waɗanda za su iya zuwa da ƙafa da waɗanda sai an bi su da babur ko kwale-kwale.

Jadawalin ya fara ne daga ranar haihuwa, da BCG da ɗigon shan-inna da allurar ciwon hanta. Daga nan sai mako na 6 da na 10 da na 14, inda ake yin Penta mai kariya daga cututtuka biyar, ciki har da mashaƙo da tarin shiƙa da sarƙewar haƙora, tare da allurar ciwon huhu da ƙarin maganin shan-inna. A 2022 an ƙara maganin rota mai kare jarirai daga gudawa mai tsanani. A wata na 9 ake yin ta ƙyanda da ta zazzaɓin shawara da ta sanƙarau, a wata na 15 kuma a maimaita ta ƙyanda. A watan Oktoban 2023 aka fara yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 allurar kariya daga sankarar bakin mahaifa, yayin da aka fara rigakafin zazzaɓin cizon sauro a jihohin Kebbi da Bayelsa a watan Disamban 2024. Duk waɗannan kyauta ne a cibiyoyin gwamnati.

A ƙarshen wata, ma'aikaci kan kwatanta yaran da suka karɓi Penta ta farko da waɗanda suka kai ta uku. Idan 100 suka fara, 80 suka kammala, to 20 sun ɓace a hanya, kuma duk giɓin da ya wuce kashi 10 cikin 100 alama ce ta matsala. Sai a buɗe rajista a fitar da sunayen, a miƙa wa mai unguwa ko matan sa-kai da ke shiga gida-gida. Dalilan kan zama ƙanana: zazzaɓin da yaro ya yi bayan allurar farko ba tare da an gargaɗi uwa cewa hakan na faruwa ba, ko tsawar da aka yi mata don ta manta kati, ko kuɗin mota, ko aikin gona.

Abin da irin wannan giɓi ke haifarwa ya fito fili a ƙarshen 2022, lokacin da cutar mashaƙo ta ɓarke, ta fi yin ɓarna a Kano da Yobe da wasu jihohin maƙwabta. Akasarin waɗanda ta kama yara ne da ba su kammala rigakafi ba, ko ba a taɓa yi musu ba. Allurar da ke hana ta kuwa ta daɗe a cikin jadawalin.

Rahoton mako, ko da babu komai

A kowace ƙaramar hukuma akwai jami'in da aikinsa shi ne sauraro da bin diddigi. Cibiyoyin lafiya na aiko masa da rahoton mako-mako kan cututtukan da ke iya zama annoba, irin su kwalara da ƙyanda da sanƙarau da zazzaɓin Lassa da zazzaɓin shawara. Ko da ba a ga mai cutar ko ɗaya ba, dole a aiko da rahoto a rubuta sifili, domin shiru na iya nufin lafiya, yana kuma iya nufin babu wanda ke dubawa. Wasu cututtukan ba sa jiran ƙarshen mako. Ana son labarinsu ya isa cikin sa'o'i 24. Daga ƙaramar hukuma rahoton ke zuwa ga jami'in annoba na jiha, sannan ga Hukumar Daƙile Cututtuka ta Ƙasa, NCDC, wadda dokar kafa ta ta samu sa hannun shugaban ƙasa a 2018.

Akwai ma'auni na sanin lokacin da ya kamata a tashi tsaye. Idan aka samu mutum biyar da ake zargin suna da ƙyanda a yanki guda cikin wata ɗaya, sai a ɗauki jini a tura ɗakin gwaji. Kwalara kuwa, mutum ɗaya da gwaji ya tabbatar ya isa. Idan yaro ɗan ƙasa da shekara 15 ya wayi gari ƙafarsa ko hannunsa ya saki farat ɗaya, jami'in zai ɗauki bahayarsa sau biyu, da tazarar aƙalla yini guda, cikin kwana 14 da fara ciwon, ya sa a akwatin sanyi a tura ɗakin gwajin shan-inna da ke Ibadan ko Maiduguri.

Da irin wannan aiki mai cin rai aka cimma manyan nasarorin da ƙasar ke alfahari da su. A ƙarshen shekarun 1980 an ƙidaya masu kurkunu fiye da 650,000 a Najeriya. A 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar da cewa cutar ta ƙare a ƙasar. An ga shan-inna na asali karo na ƙarshe a Borno a 2016, aka ayyana nahiyar Afirka a matsayin wadda ta rabu da shi ranar 25 ga Agusta, 2020. Gangamin da har yanzu ake yi na yaƙar wani nau'i ne na ƙwayar cutar da ke yaɗuwa a inda yara da yawa ba su samu rigakafi ba. Haka kuma lokacin da Ebola ta shigo Legas a watan Yulin 2014, ƙwarewar da aka samu a yaƙi da shan-inna ta taimaka wajen bibiyar kusan mutum 900 da suka yi hulɗa da masu cutar. Mutum 20 ta kama, 8 suka rasu, kuma ranar 20 ga Oktoba aka bayyana cewa an shawo kanta.

Mai ciki da mai goyo

Bayan ranar rigakafi, ranar da cibiya ta fi cika ita ce ta awon ciki. Ana auna hawan jini domin gano masu haɗarin jijjiga, a duba yawan jini, a ba da ƙwayoyin ƙarin jini da maganin kariya daga zazzaɓin cizon sauro da allurar sarƙewar haƙora, wani lokaci har da gidan sauro. Tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ke ba da shawarar mai ciki ta ga ma'aikacin lafiya aƙalla sau takwas kafin ta haihu. Babban gwajin cibiya shi ne dare: ko akwai ungozoma a bakin aiki, ko akwai haske da ruwa, ko akwai motar da za ta garzaya da mai zubar da jini ko mai doguwar naƙuda zuwa babban asibiti. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya ƙiyasta cewa mata 512 ke rasuwa a cikin kowace haihuwa 100,000, yara 132 cikin 1,000 kuma ba sa kai shekara biyar. Binciken da ya biyo baya a 2023 zuwa 2024 ya nuna adadin yaran ya sauko zuwa 110.

Ga ƙananan yara, akwai wani ɗan zare mai launi uku da ake zagaya wa a damtse. Idan ya tsaya a kan ja, wato ƙasa da santimita 11 da rabi, yaron na fama da tamowa mai tsanani, sai a sa shi a shirin abinci na musamman da ake yi da gyaɗa da madara. Mai gudawa kuma a ba shi ruwan gishiri da sukari da ƙwayar zinc. Sau biyu a shekara ake gudanar da makon lafiyar mata da yara, inda ake raba sinadarin bitamin A da maganin tsutsar ciki.

Aikin hukumar na bin yanayin shekara kamar aikin manomi. Da rani da bazara ake shirin sanƙarau da ƙyanda, a lokacin ne kuma zazzaɓin Lassa ke tsananta a jihohi irin su Ondo da Edo da Bauchi da Taraba. Da damina ta kama sai hankali ya koma kan kwalara da zazzaɓin cizon sauro. A jihohin da zazzaɓin ke zuwa da damina, ana bi gida-gida wata-wata ana ba yara 'yan wata 3 zuwa 59 maganin kariya. Hukumar da ta jira sai an fara kwanciya kafin ta nemi ruwan ƙari da sinadarin tsaftace ruwa ta makara.

Duba-gari

Dattawa na tuna zamanin da jin an ce ga duba-gari nan ke sa a hau share tsakar gida da wanke randa. Aikin na nan har yau, ko da yake a wasu jihohin yana ƙarƙashin ma'aikatar muhalli ne ko sashen tsafta na ƙaramar hukuma. Jadawali na huɗu na kundin tsarin mulkin 1999 ya ɗora wa ƙananan hukumomi kula da kasuwanni da mayanka da maƙabartu da kwashe shara da sa ido kan gidajen abinci da na burodi.

Duba-gari ne ke duba tazarar da ke tsakanin rijiya da masai, da tsaftar kwata, da lafiyar masu dafa abincin sayarwa, da magudanan da suka toshe. Idan kwalara ta ɓulla, shi ke bin sawun ruwan da masu cutar suka sha, ya zuba sinadarin kulorin a rijiyoyi, ya kuma nuna yadda za a yi wa mamaci sutura ba tare da cutar ta kama masu wanka ba. Yana da ikon ba da takardar gargaɗi, idan aka ƙi gyarawa ya kai ƙara kotu.

Ina kuɗin ke fitowa?

Shekaru da dama ƙananan cibiyoyi ba su da ko sisi na gudanarwa; shugaban cibiya kan sayi sabulu da fetur ɗin babur daga aljihunsa. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta kafa Asusun Samar da Lafiya a Matakin Farko, wanda ake zuba wa aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya. Dokar ta ware rabin kuɗin ga inshorar lafiya, kashi 20 ga magunguna da allurai, kashi 15 ga gyaran gine-gine da kayan aiki da sufuri, kashi 10 ga ma'aikata, kashi 5 kuma ga agajin gaggawa. Ta kuma nemi jihohi da ƙananan hukumomi su kawo nasu kason. Sai a kasafin 2018 aka fara ware wa asusun kuɗi, kimanin naira biliyan 55.

Sabon abu a wannan tsari shi ne wani kaso na kuɗin na shiga asusun bankin cibiyar kai tsaye duk bayan wata uku, bisa tsarin kashe kuɗi da cibiyar ta rubuta. Shugaban cibiya ba ya cire kuɗin shi kaɗai, sai da sa hannun shugaban kwamitin raya mazaɓa. Aikin hukumar jiha da ofishin ƙaramar hukuma shi ne duba rasiɗai da tabbatar da cewa abin da aka rubuta an saya yana nan a zahiri. Ba dukkan cibiyoyi ne ke cikin shirin ba tukuna. Gwamnatin tarayya ta bayyana a ƙarshen 2023 cewa tana son ninka adadinsu ya haura 17,000 nan da 2027.

Hukuncin Kotun Ƙoli na ranar 11 ga Yuli, 2024, wanda ya ce a riƙa biyan ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, ya sake taso da tsohuwar tambaya: wa zai biya albashin ma'aikacin lafiya na ƙauye, kuma wa zai hukunta shi idan ya yi fashin aiki? Yadda kowace jiha ta warware wannan zai shafi ƙarfin hukumarta.

Kwamitin mazaɓa da iyayen ƙasa

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Kwamitin raya mazaɓa ya ƙunshi mutanen gari: wakilan ƙauyuka, mata, matasa, malaman addini da masu sana'a. Ana son ya zauna duk wata, ya ji rahoton cibiya, ya kai koken jama'a, ya kuma shirya abubuwa irin su direbobin da za a iya tasa da dare domin mai naƙuda.

Najeriya ta koyi darajar amincewar al'umma ta hanya mai tsada. A 2003 aka dakatar da rigakafin shan-inna a Kano da wasu jihohin Arewa saboda zargin da ya bazu a kan maganin, ba a dawo da shi a Kano ba sai a tsakiyar 2004, kuma a wannan tsakani cutar ta tsallaka zuwa ƙasashe da dama da suka riga suka rabu da ita. A 2009 aka kafa kwamitin sarakunan Arewa kan lafiya matakin farko, bisa jagorancin Mai Alfarma Sarkin Musulmi Muhammad Sa'ad Abubakar na III. Tun daga lokacin, hakimai da dagatai da masu unguwanni suka zama ɓangare na aikin. A wurare da dama mai unguwa na riƙe da littafin jariran da aka haifa a unguwarsa, ana kwatanta shi da rajistar asibiti domin gano wanda ba a kawo ba. Wanzamai da ungozomomin gargajiya, waɗanda su ne ke fara ganin jariri, su ma ana neman haɗin kansu.

Inda gizo ke saƙar

Matsalolin ba ɓoyayyu ba ne. Ma'aikata sun taru a cibiyoyin cikin gari, na karkara kuma mutum ɗaya ko biyu ke riƙe da su, wani lokaci da taimakon 'yan sa-kai da ba su da albashi. Masu ritaya na tafiya ba a maye gurbinsu. A yankunan da ke fama da 'yan bindiga ko 'yan tayar da ƙayar baya, an rufe cibiyoyi, ƙauyuka sun yi watanni ba su ga akwatin allura ba. Ziyarar duba aiki, wadda ya kamata ofishin ƙaramar hukuma ya riƙa kaiwa a kai a kai, ita ce ke fara tsayawa idan babu kuɗin mai.

Akwai kuma matsalar alƙaluma. Ma'aikacin da ake matsa wa ya kawo adadi mai kyau na iya cika takarda da yaran da bai gani ba. Shi ya sa a kan samu rahoton ofis na nuna an yi wa kusan kowa allura, binciken gida-gida kuma ya nuna akasin haka. Binciken 2018 ya gano cewa kashi 31 cikin 100 ne kawai na yara 'yan wata 12 zuwa 23 suka samu dukkan alluran farko. Hukumar da ke hukunta mai kawo adadi kaɗan na gaskiya, ta yaba wa mai kawo na ƙarya, tana rufe wa kanta ido ne.

Abin da ya rage ga jama'a

Akwai tambayoyin da kowane mazaunin mazaɓa ke da haƙƙin yi. Wace rana ce ranar rigakafi da ta awon ciki, kuma an liƙa su a bango? Firjin cibiyar na aiki? Wa ke kwana a bakin aiki? Cibiyar na cikin masu karɓar kuɗin asusun tarayya, kuma me aka yi da na watanni ukun da suka wuce? Su wane ne 'yan kwamitin mazaɓa, yaushe suka zauna na ƙarshe?

Idan aka ga ba daidai ba, matakin farko shi ne shugaban cibiya, sai shugaban kwamitin mazaɓa da kansila, sai ofishin lafiya na ƙaramar hukuma, sannan hukumar jiha. Wanda aka nemi ya biya kuɗin allurar rigakafi na iya bin wannan hanya. Haka nan duk wanda ya ga mutane da yawa sun kamu da amai da gudawa a unguwa ɗaya, ko yaro ya shanye farat ɗaya, ko mace-macen da ba a saba gani ba, ya sanar da cibiya mafi kusa a ranar, kada ya jira.

Nauyin da ke kan iyaye kuwa bai wuce adana katin yaro kamar yadda ake adana takardar gona ba, da komawa a ranar da aka rubuta a jiki, har zuwa allurar wata na 15. Ma'aikacin ɗakin sanyi zai ci gaba da rubuta lambarsa safe da yamma, amma wahalarsa ba ta da amfani sai an kawo yaron da aka adana allurar dominsa.